Abin da Birtles Ya Gani a Kwana ta Uku

Da safiyar Lahadi, Sufeto Wilfred Garside bai ko kai kofin shayi bakinsa ba wayar caji ofis ta ɗauki kuka. Saje Hebden ne ya ɗaga. Ya saurara, ya ce to, ya ajiye kan wayar a hankali.

"Yallaɓai, daga filin tseren babura ne. An tsinci gawar Leonard Birtles."

"A ina cikin filin?"

"Kwana ta uku."

Garside ya ture kofin gefe, ya ɗauki hularsa. Bai ƙara tambayar komai ba, don duk wanda aka yanke wa cibiya a Blackmere ya san wannan kwanar ta hanyar tseren. Kafin yaƙi a nan Clifford Thwaite ya faɗi da baburinsa, Birtles da ke biye da shi ya bi ta kansa. A lokacin Garside yana kurtu, shi ke gadin ƙofar rumfar babura, kuma yana cikin waɗanda suka cicciɓo gawar Clifford daga fili.

Shekara ta biyu ke nan da gama yaƙi. Nama da katin rabo, sukari da katin rabo, kwal ma sai ka bi layi, amma ka zo ranar Asabar da yamma ka ga garinmu. Kowa da iyalinsa sun ɗuru a fili suna yi wa Hankakin Blackmere ihu, ƙungiyar da bana ta ɗare saman teburin gasar ƙasa tana ba manyan ƙungiyoyin Landan kashi. Birtles ne kyaftin. Ba don shi ba da ko kusa ba mu je ba, wannan kowa ya yarda, har da masu tofar da yawu in an ambaci sunansa.

Filin yana bayan kamfanin gas, tsakiyar unguwar da bama-bamai suka share, babu mai kwana a wurin sai ɓeraye. Hazo bai gama tashi ba da suka isa. Warin ƙonannen man zurma na baburan tseren jiya yana nan rataye a iska. Tsoho Tattersall mai gyaran fili yana tsaye can nesa da gawar, ya rungume manjagararsa, ya ƙi matsowa.

Birtles yana kwance jikin shingen katako cikin kayan fatarsa na tsere, hular kwano a kai, takalmin ƙarfe a ƙafar hagu. Ba sai likita ya faɗa ba, wuyansa ne ya karye. Garside ya tsuguna ya ɗaga tabarau ɗin da ke fuskar gawar. Idanun a buɗe suke tar, suna kallon wani wuri a tsakiyar hanya. Ya sa yatsa ya rufe su, suka sake buɗewa. Ya janye hannu.

Hebden ya ce, "Santsi ne ya kwashe shi, yallaɓai. Ya zo gwaji da asuba, ƙaddara ta faɗa masa. Mu rubuta mu tafi, ni ko karin kumallo ban yi ba."

"Kalli ƙasa, Hebden. Cikinka zai jira."

A kan tokar kwal ɗin da aka shimfiɗe hanyar da ita akwai dogon sawu, daga bakin kwanar har shinge. Wanda ya saba kallon tsere ba zai kira wannan santsi ba. Baburan nan ba su da birki. In mutum ya faɗi a gabanka, abu ɗaya ya rage maka, ka kwantar da baburinka ku darje ƙasa tare, ka ba da fatarka don ransa. Wanda ya yi haka, ko ya karye, 'yan kallo miƙe masa suke yi. Wanda bai yi ba, ba a ce masa komai a fuska, ba kuma a mantawa. Birtles da gangan ya kwantar da babur, cikin gudu, a fili babu kowa.

Baburin yana gefe, an janye shi daga kan gawar. Garside ya duba ƙarƙashin tanki. Famfon mai a rufe yake gam.

Ya yafito Tattersall, ya tambaye shi ko ya taɓa wani abu. Tsohon ya rantse da kabarin uwarsa ko yatsa bai kai ba. Shi dai ya zo, ya gani, ya ruga ofis ya buga waya.

"To wa ya rufe mai? Gawar ce?"

Tattersall ya ce, "Sufeto, kai ma ɗan garin nan ne. Clifford ne ya zo karɓar nasa. Tun da aka sake buɗe filin nan ba na yarda in share kwanar nan ni kaɗai."

"Fatalwa ba ta tura babur, baba. Wannan injin ba ya tashi sai an tura shi. Wa ya tura Birtles?"

Tsohon ya ce bai sani ba. Amma da aka matsa shi sai ya amayar da abin da rabin gari ya gani jiya. A tsere na kusa da ƙarshe Desmond Thwaite, ƙanen marigayi Clifford, wanda ke fita tare da Birtles a matsayin abokin tafiyarsa, ya faɗi a wannan kwanar dai. Birtles yana bayansa. Bai kwantar ba, bai ko sassauta totur ba, ya wuce ta gefen kan Desmond da tazarar da ba ta kai tafin hannu ba, ya je ya ci tseren. Da suka koma rumfa Desmond ya shara masa naushi a baki, gaban kowa, ya ce sai ya kashe shi.

Kafin su tafi Garside ya lura da abu ɗaya. Gaba kaɗan da inda sawun ya karkata, akwai wani wuri mai tsawon mutum da aka bi da manjagara sabo-sabo, raɓa ba ta kwanta a kansa ba. Tattersall ya ce ba aikinsa ba ne, kuma Garside ya yarda da shi.

Desmond yana zaune ne a gidan matar yayansa, Muriel Thwaite, tun da ya dawo daga sansanin fursunonin yaƙi na Japanawa a ƙasar Bama, ƙashi da rai. Ita ta yi jinyarsa. Ita ce kuma mai teburin shayi a rumfar babura, ba wanda bai taɓa shan shayinta ba cikin masu tsere. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma taɓa fashin zuwa fili ba ko Asabar ɗaya.

Ta buɗe musu ƙofa da ɗankwali ɗaure ta ƙarƙashin haɓa, ya rufe kuncinta na dama. Ta ce haƙori ne ya hana ta barci. Da Garside ya faɗa mata labarin, ba ta yi salati ba, ba ta yi murna ba, sai ta ce su shigo ta ɗora ruwa.

A soron gidan Garside ya tsaya. Shekara da shekaru kayan fatar Clifford suna rataye a ƙusar nan, da hular kwanonsa da jan gyalensa, duk mai shiga sai ya goge su da kafaɗa. Yau babu, sai inuwarsu fari-fari a jikin bango.

"Ina kayan Clifford, Muriel?"

"Na kai su sama. Na gaji da kallonsu."

"Yaushe?"

"An kwana biyu."

Ta ce ita tun da suka dawo daga fili ba ta leƙa waje ba, Desmond kuma yana ɗakinsa har gari ya waye, ta ji munsharinsa. Desmond ya sauko da hannun dama a naɗe, fuskarsa fari fat kamar an wanke ta da toka. Shi ma haka ya ce, barci ya yi.

Hebden da ya tsaya a waje yana zuƙar taba ya leƙo ya kira Sufeto gefe. Ya ce mai kai madara ya ga Desmond da sassafe yana tahowa daga wajen kamfanin gas a guje, ba hula, yana waiwaye kamar karnuka na binsa. Aka duba takalminsa a bayan ƙofa, ga tokar kwal ɗanya a ƙasansa.

Da za a fita da shi, Muriel ta riƙe hannun rigar Garside.

"Wilfred, bai yi komai ba. Ka san shi tun yana rarrafe."

"To ki ce masa ya daina yi mini ƙarya."

Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta rufe. Desmond ya ce, "Bari, Yaya Muriel, zan dawo," aka sa shi a mota.

A caji ofis Sufritanda ya riga su isa, da kayan cocinsa. Shi a ganinsa an gama shari'a. Ga mutum da aka kashe wa yayansa, ga barazana gaban shaidu, ga takalmi, ga ƙarya. Ya ce Desmond ya tura Birtles, ya jefa masa wani abu a hanya, ya kwashe, ya share wurin. Yana so a rubuta cajin kisan kai kafin jirgin ƙasa na yamma ya sauke 'yan jaridar Landan. Garside ya san ma'anar wannan. Alƙalan ƙasar nan ba sa wasa da igiya, kuma mutumin da Japanawa suka kasa kashewa, mu ne za mu rataye shi a gidan yarin garinsu.

Ya shiga ɗakin tambayoyi shi kaɗai, ya miƙa wa Desmond taba.

"Kai ka tura shi?"

Desmond ya ce, "Ni ne."

"Mutumin da ka ce za ka kashe jiya, yau kai ne mai tura masa babur?"

Desmond ya ce bayan an watse jiya, Birtles ya same shi a bayan teburin shayi, baki duk jini. Ya zaci rama naushin ya zo yi. Sai kawai ya ga kyaftin ɗin Hankaki, mutumin da ake buga hotonsa a jarida, ya jingina da bango yana kuka.

"Ce mini ya yi, 'Des, ban gan ka ba. Tun ranar Clifford, in na shigo kwana ta uku idona rufewa yake yi da kansa. Da ƙafa nake gane hanya, sai na fita nake buɗewa.' Yallaɓai, duk tseren nan da yake ci mana, a makance yake shiga kwanar nan."

Sau nawa Garside ya tsaya a bakin shingen nan yana tafa wa Birtles.

Desmond ya ce Birtles ya roƙe shi ya zo da asuba ya tura shi, ba ya so kowa ya sani. Ya ce zai yi ta zagayawa har sai ya iya wuce kwanar ido buɗe, in kuwa ya kasa zai ajiye tsere kafin ya kashe wani. Desmond ya je, ya tura shi daga bakin rumfa, ya tsaya yana kallo. Zagayen farko lafiya lau.

"Sai me?"

Tabar ta faɗi daga hannunsa. "Sai hazo ya ɗan yaye. Na ga Yaya Clifford kwance a kwanar, da jan gyalensa, yadda na gan shi ran nan ina cikin 'yan kallo. Na ji ƙarar shinge. Na gudu."

"Ba ka je ka duba Birtles ba? Ba ka taɓa baburin ba?"

"Ban je ba. Yallaɓai, tun da na dawo nake ganin matattu. Ina ganinsu a layin burodi, ina ganinsu a ƙarƙashin gada. Likita ya ce in na ƙara faɗa za a kai ni gidan mahaukata. Na ce da in faɗa gara in yi shiru." Ya ɗago kai. "Amma in ni kaɗai nake ganinsu, me ya sa Birtles ya kwantar da babur?"

Da Garside ya kai wa Sufritanda wannan, dariya ya yi. Ya ce ko dai igiya ko gidan mahaukata, Desmond ya zaɓa, shi duk ɗaya ne a wurinsa. Ya ba Garside zuwa isowar jirgin yamma.

Garside ya koma fili bayan azahar, shi da Hebden. An ɗauke gawar. Kujeru dubbai babu kowa, sai takardun alewa iska na wasa da su. Ya tsaya kan wurin da aka share, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cire hula ya miƙa wa Hebden, ya kwanta a kan tokar, kai wajen shinge, fuska tana duban inda babur ke fitowa.

"Yallaɓai, in matarka ta ga kwat ɗin nan, ni ba na nan."

"Rufe mini baki."

Ƙasar da sanyi. Daga nan kwance, kwanar ta zama wata aba dabam, bakinta kamar ramin da wani abu zai faso daga ciki. Garside ya ji kamar ƙasa na rawa a ƙarƙashin kunnensa, ya ji ihun jama'ar da babu su. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ko lokacin ruwan bama-bamai bai ji ba. Ya daure ya ci gaba da kallo. Sawun baburin ya wuce ta dab da fuskarsa. Duk wanda ya kwanta a nan da safe, tokar da babur ya kwaso ta watsu a kuncinsa na sama, kuma tokar kwal in ta shiga fata ba ta fita da sabulu. Masu tsere da ita ake binne su. Fuskar Desmond kuwa babu ko ƙwarzane.

Kuncin da ke sama na dama ne.

Yana nan kwance wani abu ya dawo masa wanda ya yi shekaru bai tuna ba. Kafin yaƙi Clifford ba shi da halin ɗaukar bakanike, matarsa ce ke masa aiki, da rigar leburori, hannu duk baƙin mai. Ranar da ya mutu, da ta rugo fili, shi Garside da wani kurtu suka tare ta kada ta ga abin da taya ta yi. Da ta ga an hana ta mijinta, sai ta juya wajen baburin da ke kwance yana zubar da mai, ta tsuguna ta rufe famfon, ta zauna kusa da shi har aka kashe fitilu.

Ya tashi ya karkaɗe kwat ɗinsa. Hebden ya dube shi ya fasa tsokanar da ya shirya.

Ƙofar gidan Muriel a buɗe take. Sun same ta a kicin sanye da kwat ɗin fita, jaka a kan tebur, tukunya tana tafasa a kan murhun gas. Ƙamshin albasa da dankali ya cika gidan.

Ta ce, "Na so in gama masa miyar ne kafin in taho. Ba ya iya dafa wa kansa komai."

"Cire ɗankwalin, Muriel."

Ta kwance shi. Daga kunci zuwa kunne fatar ta ɗaye, baƙar toka ta shige ciki ɗigo-ɗigo. Hebden ya fita ta ƙofar baya, ya dawo da kayan fatar Clifford daga cikin tukunyar wanki, da hular da jan gyalen, gefe guda duk toka.

Garside ya gaya mata cewa duk abin da ta faɗa za a rubuta. Ta ce ta sani, ya zauna, tsayuwarsa na sa ta jiri.

Ta ce jiya tana wanke kofuna lokacin da Desmond ya faɗi. Ta ga Birtles ya taho, ta ga bai kwantar ba, ta ga abin da ta gani kafin yaƙi yana sake faruwa, a wuri ɗaya, da mutum ɗaya, da jinin gida ɗaya. Shekarun nan duk tana zuba wa Birtles shayi tana ce wa kanta ƙila bai gani ba, ƙila ƙura ce. Jiya ta daina. Can anjima ta jiyo muryarsa a bayan tebur, ba ta ji farkon maganar ba saboda ƙarar motoci, ta dai ji yana cewa Desmond ya zo da asuba ya tura shi.

"Sai kika yi shirin kashe shi."

"A'a." Ta girgiza kai. "Ni na je ne ya kashe ni, Wilfred. Na ce in ya bi ta kaina, gari zai waye a ga mace kwance cikin kayan Clifford, kowa ya san ko wane ne kyaftin ɗinsu. Ku rataye shi, Desmond ya tsira daga fita tare da shi. Ko sau ɗaya ban kawo a raina zai kwantar ba. Ai ba ya kwantarwa."

Ta riga su isa fili, ta ɓoye bayan shinge. Da ya wuce zagayen farko ta tsallako ta kwanta. Ta ce ta ji ƙasa na kaɗawa, ta yi addu'a, ta ga babur ya faso daga hazo ya yo kanta. Sai ta ga ya jefar da shi gefe da dukan ƙarfinsa. Toka ta rufe mata fuska, shinge ya yi ƙara.

"Kika janye baburin daga kansa, kika rufe mai."

Ta dube shi da mamaki na gaske. "Na rufe?"

"Kin rufe."

Ta kalli hannayenta. "Ban ma sani ba."

Share wurin kam ta tuna, manjagarar tana jingine a shinge. Ta ce ba don ta tsira ta yi ba, kunya ce ta kama ta da ta ga siffar jikinta a kan toka. Ta yi zaton za a ce hatsari ne. Da aka tafi da Desmond ta so ta faɗa a bakin ƙofa, harshenta ya ƙi.

Garside ya tambaye ta ko Birtles ya mutu nan take. Ta ce a'a.

"Da sauran numfashinsa da na rarrafa wurinsa. Hular tana kaina, gyalen ya rufe mini baki. Ya dube ni, bai ji tsoro ba, kamar ma daɗi ya ji. Ya ce, 'Cliff, wannan karon na gan ka.' Shi ke nan." Ta juyo. "Tun safe nake juya maganar nan. Me yake nufi da wannan karon?"

Garside ya so a ce wani ne zai faɗa mata. Ya duba Hebden, Hebden ya sunkuyar da kai yana gyara fensir. Don haka ya gaya mata abin da Desmond ya faɗa, farkon maganar da ƙarar motoci ta hana ta ji. Cewa tun ranar Clifford mutumin ido rufe yake shiga kwanar nan, cewa jiya bai ga Desmond ba, cewa abin da ya kai shi fili da asuba shi ne ya koya wa kansa buɗe ido.

Muriel ba ta yi kuka ba. Ta dafa tebur da hannu biyu.

"Ke nan da na zo jiya, ko shekaranjiya, da ya bi ta kaina."

"Da ya bi."

"Yau ce rana ta farko da ya buɗe."

"Yau ce."

Ta daɗe tana kallon jan gyalen da ke hannun Hebden. Sannan ta tambaya ko za a saki Desmond. Garside ya ce kafin jirgin yamma ya iso zai dawo gida, da ƙafarsa, kuma shi da kansa zai gaya masa cewa abin da ya gani a kwanar mutum ne mai jini a jika. Ta ce a gaya masa miyar ba gishiri, ya ƙara da kansa.

Hebden ya zaro ankwa, Garside ya girgiza masa kai, ya mayar da ita aljihu. Ta ɗauki jakarta, ta bar ɗankwalin a kan tebur. Maƙwabta sun riga sun fito ƙofar gidajensu sun yi cirko-cirko.

Sun kai soro, dab da inuwar kayan Clifford a bango, ta tsaya cak.

"Ɗan dakata, Wilfred."

Ta koma kicin. Garside ya ji ƙarar tafasar tukunya ta lafa. Ta rufe famfon gas, ta sake murɗa shi don ta tabbata, sannan ta fito ta shiga gabansu zuwa mota.